Kadarkon Dutse na Hannun Dama

Talata, 4 ga Nuwamba, 1975. Aikin farko: kai wasiƙar Abdulwahabu tasha kafin motar Arzika direba ta tashi. Kwafinta yana nan cikin littafina, a nan kuma zan ajiye abin da ya biyo baya.

Ƙofar Atiku, Sakkwato
4 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga ƙanena Abdulwahabu, garejin manyan motoci, Agadas.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Sadiyatu da yara. Mu nan lafiya, ni da mai ɗakina, sai godiya. Mariyatu tana gaishe ku. A ofishinmu na safiyo kowa yana taka ƙasa a hankali tun da sabuwar gwamnatin soja ta fara sallamar ma'aikata. An kira suna biyu daga ɗakinmu na zane. Nawa bai fito ba tukuna.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto. Ta faɗi a bakin rijiya ranar Alhamis. Ba ta karye ba, amma tun ranar ba ta fitowa tsakar gida sai an riƙe ta, idonta na hagu kuma ya rufe. Jiya bayan la'asar ta kira ni ta ce, "Junaidu, shekara talatin da ukku ke nan ubanku shina kwance cikin duwatsu, babu wani jininshi da yat taɓa tsayawa kanshi ya ɗaga hannu. Ni ba ni iya zuwa. Amma ina son in ji an tahi kahin in bi shi."

Ka san Baba ya rasu cikin ayarin gishiri a duwatsun Asbin kana da wata huɗu a duniya. Cikin mutum shida da suka rufe shi, Baba Illo na Ƙofar Kware kaɗai ya rage. Shekara bakwai da suka wuce na zauna da shi na rubuta abin da ya faɗa a littafina. Ya ce da ciwo ya yi wa Baba tsanani sai suka ratse da shi cikin wani kwazazzabo, neman inuwa da ruwan da ke kwanciya cikin dutse. A can ya cika. Suka rufe shi ƙarƙashin wani dutse da ya ƙetare kwazazzabon daga wannan gefe zuwa wancan kamar gada, ba kuwa hannun mutum ya gina shi ba. Fatake suna ce masa Kadarko.

Ga hanyar kamar yadda ya ba ni. Daga rijiyar da fatake ke kira Rijiyar Ɗaci, wadda take kwana uku arewa da Agadas, kwazazzabo na biyu a hannun dama. Raƙumi ba ya iya shiga da nisa. Tafiyar rabin yini ce da ƙafa. Na duba taswirar ofis: mai fitowa daga Agadas arewa yake fuskanta, damansa gabas ke nan. Na zana maka a takardar da ke haɗe, na kuma duba zanen sau uku.

Ni ina da nisa, ga aiki ya ɗaure ni. Kai kuwa shekararka tara a Agadas, kwana uku ne tsakaninka da shi.

Allah ya tsare.
Yayanka, Junaidu

Agadas
20 ga Disamba, 1975

Yaya Junaidu,

Wa alaikumussalam. Barkanmu da Sallah. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi ƙyanda, ta kuwa warke. A gaishe da Inna, a ce mata na ji faɗuwarta har cikin ƙashina. A gaishe da Mariyatu.

Na karanta layinka na ƙarshe sau biyar. Shekara tara, kwana uku. Na gane, Yaya. Ba sai ka ja masa layi da jan biro ba kamar yadda kuke yi a ofis. Shekara tara ina kwance ƙarƙashin motocin Nasara, ban taɓa ɗaga ƙafa na nemi ubana ba. Gaskiya ne. Amma kai ka san fuskarsa. Kai ya ɗauka a wuya ya kai kasuwa. Ni abin da na samu nasa shi ne dogayen ƙafafu, shi ma Inna ce ta faɗa mini. Mutum ba ya kewar abin da bai taɓa gani ba, sai dai ya ji kunyar rashin kewar. To, zan tafi.

Zanenka ya yi kyau, har shugaban garejinmu ya tambaya ko injin ne ya buga. Na kai wa wani Buzu dattijo mai suna Kasum, wanda yake yi wa direbobinmu ja-gora. Ya san Rijiyar Ɗaci. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Gabas? Me fatake suke nema a gabas? Can ba ruwa." Na ce masa yayana ma'aikacin safiyo ne, shi ke auna wa gwamnati ƙasa, tun muna yara ko tuwo aka ba shi sai ya auna. Ya yi dariya ya ce to, tun da takarda ta faɗa.

Ba zan samu hutu ba sai tsakiyar Fabrairu. Wata mota mai kai kaya wurin haƙar ma'adinai za ta sauke mu kusa da rijiyar, daga nan sai ƙafa. Ka gaya wa Inna ta riƙe ranta da kyau, ɗan autanta zai je.

Ƙanenka, Abdulwahabu

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Alhamis, 12 ga Fabrairu, 1976

Abdulwahabu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana nan yadda take. Idan wannan ta same ka kafin ka tashi, KADA KA BI ZANENA. Ka karanta har ƙarshe.

Na yi jinkirin amsa domin an raba jiharmu biyu, kullum muna ware fayiloli da taswirori, waɗannan su zauna, waɗancan su tafi Minna. Ban da haka, na rasa yadda zan ce maka layin nan ba zargi ba ne. Nisa kawai na auna. Na rubuta amsa uku na yage.

Yau da hantsi na biya Ƙofar Kware in gaya wa Baba Illo za ka tafi. Na same shi a zaure yana shan rana. Ya ce in karanta masa abin da na aika maka. Da na kai wurin gabas sai ya ɗaga sanda.

"Gabas? Wa yac ce maka gabas?"

Na ce, "Kai ka ce hannun dama, Baba."

Ya ce, "Dama nic ce, kuma dama ta. Amma ina munka dosa? Gida munka dosa, ɗan boko! Gishiri na bisa raƙuma, rijiya na bayanmu."

Na ce ai na ɗauka daga nan ake farawa. Ya dube ni kamar wanda ya ga jaki da tabarau. Ya ce, "Bafatake ba ya ba da labarin hanya da tahiya. Mai tahiya wutsiyar raƙumin gaba shika bi, bai san komi ba. Hanyar komowa ita aka hwaɗa ma ɗiya, don ita ka kai mutum gida. Kowa ya san wanga, sai wanda yay yi karatu."

Ka gani ke nan. Kwazazzabon yana KUDU da rijiyar, a YAMMA. Za ka wuce bakinsa ta hagunka kafin ka isa rijiyar. Na tambaye shi me ke gabas. Ya ce duwatsu, bayan su yashi har Bilma, tsuntsu ma da guzuri yake bi.

Na san a kan hanyar dawowa Baba ya rasu. Tun ina shekara takwas na san haka. Yana rubuce a littafina, shafi ɗaya kafin hanyar. Na duba zanen sau uku, ban duba shafin da ke gabansa ba ko sau ɗaya. Kasum ya faɗi gaskiya, ka kuwa rufe masa baki da sunana.

Ka yafe mini. Ka rubuto da zarar ka karanta.

Junaidu

Ƙari, Litinin 16 ga wata: Arzika ya dawo da wannan wasiƙar a aljihunsa. Saboda abin da ya faru a Legas ranar Juma'a an rufe iyaka, soja sun mai da shi daga Illela. Na je gidan waya, sun ce ba layi zuwa waje. Garin shiru, rediyo sai kiɗan soja. Zan sake ba shi ita ranar da aka buɗe.

Ƙofar Atiku, Sakkwato
1 ga Maris, 1976

Abdulwahabu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An buɗe hanya, wasiƙata ta wuce tun makon jiya, ban ji komai ba. Na tambayi direbobi huɗu da suka fito garin Tawa, kan hanyar Agadas, ba wanda ya san labarinka. Kullum da safe Inna takan ce, "Ya isa?" Nakan ce hanya da nisa. Ban gaya mata kuskuren ba, ban gaya wa Mariyatu ba. Na lissafa ruwan da salka biyu za su ɗauka da kwanakin da zai kai mutum biyu, na sake lissafawa, sai na rufe littafin.

Idan Sadiyatu ce ta buɗe wannan, don Allah ki sa a rubuto mini ko layi ɗaya ne.

Junaidu

Agadas
28 ga Fabrairu, 1976

Yaya Junaidu,

Assalamu alaikum. Na dawo jiya, lafiya lau, sai ƙafafu da suka kumbura kamar tayar da aka cika wa iska. Ban ko je gareji ba, na ce sai na rubuta maka. Yaya, na same shi.

Mota ta sauke mu a Rijiyar Ɗaci ranar 17 ga wata. Sunan bai yi ƙarya ba, ruwan kamar an jiƙa maɗaci. Muka cika salka biyu, muka samu aron raƙumi a wurin dangin Kasum, muka yi arewa. Kwazazzabo na biyu a dama, kamar yadda ka zana. A bakinsa muka dabaibaye raƙumin muka bar shi cikin ƙaya, kowa ya rataya salka.

Ban san akwai irin wannan wuri a ƙasar Allah ba. Bango biyu na jan dutse, kowanne ya fi hasumiyar masallaci tsawo sau biyar, suna matsowa suna matsowa har sama ta koma kamar shuɗin rawani da aka shanya. Ƙasa yashi ne mai laushi, ka taka ka nutse, can kuma duwatsu sun zubo sun tare hanya, wani ya kai girman tirela. Sai mu hau da hannu da gwiwa, mu miƙa wa juna salka. A wani wuri sai da na cire riga na bi a karkace. In ka yi tari sai ya dawo maka sau uku. A jikin wani bango mun ga zanen raƙuman dawa da shanu masu dogayen ƙaho, an sassaƙa su cikin dutse. Na ce wa Kasum su wa suka yi? Ya ce mutanen da suka sha ruwan wurin nan suka ƙarar.

Baba Illo ya ce rabin yini. Ko dai ya tsufa, ko ƙafafun mutanen da ba irin namu ba ne. Kwana biyu muka yi. Takalmina ya rabu biyu, na ɗinke shi da wayar birki da ke aljihuna, Kasum ya ce yau ya ga amfanin makanike. A rana ta biyu ya girgiza salkarsa ya ce mu juya. Na ce kwana ɗaya tak. Ya ce, "Kai da takardarka." Amma ya biyo ni.

Rana ta uku da hantsi muka sha wata kwana, sai ga shi. Yaya, dutse ɗaya ne, ya taso daga bangon nan ya lanƙwasa ya sauka a wancan, ba gaɓa, ba ginshiƙi. Mota biyu za su wuce ƙarƙashinsa kafaɗa da kafaɗa da lodinsu. Sama a cikinsa kamar ido. Na tsaya bakina buɗe. Kasum ne ya taɓa ni ya nuna mini gindinsa ta wajen inuwa. Tarin duwatsu, dogo, daidai tsawon mutum, an daidaita shi da alƙibla. Ruwan wata shekara ya kwashe na wajen ƙafa.

Na tattaro duwatsu na mayar. Na share yashin da ya hau kai. Na karanta abin da na iya, ka san ba yawa, Kasum ya ƙarasa mini. Sai na zauna. Ban shirya ba, na ji bakina ya ce, "Baba, ni ne Abdulwahabu. Ba ka san ni da girma ba." Ban taɓa kiran wani da sunan nan ina nufin nawa ba. Na gaya masa Inna tana nan, ba ta sake aure ba. Na gaya masa kai babban ma'aikaci ne. Na gaya masa sunayen jikokinsa. Kasum ya koma nesa ya juya mini baya har na gama.

Fitowa ta yi wuya. Ruwa ya ƙare saura yini guda. Kasum ya tona yashi da hannu a gindin wani dutse har kafaɗa, muka samu laka muka tace da rawani. Ba zan ƙara faɗa ba, kada ka karanta wa Inna wannan wurin.

Ga ɗan dutse ja a ƙulle cikin ƙyalle, daga kansa na ɗauko. Ka sa mata a hannu. Maganar layin nan kuma ta wuce. Da ba ka rubuta shi ba da ban je ba.

Ƙanenka, Abdulwahabu

Ƙofar Atiku, Sakkwato
9 ga Maris, 1976

Abdulwahabu,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da ka fito da rai. Na yi sujada a ƙofar gida da takalmina a ƙafa. Ka gode wa Kasum a madadina, ka ce masa mai takarda ya sunkuyar da kai.

Yanzu ka riga ka karanta wasiƙuna biyu, ka san abin da na sani. Ga abin da ba ka sani ba. Ina ofis Arzika ya iso. Tun daga zaure ya ɗaga murya, "An ga kabari! An ga kabarin Malam Bawa!" Kafin in dawo Mariyatu ta karanta wa Inna wasiƙarka, ta sa mata dutsen a hannu. Na tarar da gidan cike da mata. Inna tana zaune a tsakar gida, ita da kanta ta fito. Ta ci tuwo ta nemi ƙari. Washegari ta sa aka toya masa aka raba sadaka har unguwar Gidan Dare. Dutsen yana ƙarƙashin matashinta. Kullum sai na karanta mata wurin da ka ce, "Baba, ni ne Abdulwahabu."

Baba Illo ya aiko a tambaye ni ko ta yamma ka bi. Na ce a gaya masa zan zo. Ban je ba.

Na raba shafi biyu a littafina, dalilan faɗa da dalilan shiru. Kowane gefe ya cika, ba wanda ya rinjayi wani. Ban ƙara yarda da awona ba. Kai ka taka wurin, kai ka fi ni haƙƙin magana. Me zan yi?

Junaidu

Agadas
21 ga Maris, 1976

Yaya,

Wa alaikumussalam. Muna lafiya.

Wasiƙunka biyu na same su a gareji rana ɗaya, kwana bakwai bayan na aika tawa. Na shiga ƙarƙashin wata mota na kwanta da sifana a hannu, ban kwance ko ƙusa ɗaya ba har aka tashi. Na kira wani Baba. Na gaya wa baƙo sirrin gidanmu. Na yi masa kukan da na tara shekara talatin da uku, yanzu ban san ko akwai saura ba.

Ba zan ce ban yi fushi ba. Na yi. Kwana goma ban iya ɗaukar biro ba.

Ka tambaye ni, ga amsa. Kada ka gaya mata. Gyara ne ya kai mu nan, ka ɗauki maganar tsoho ka gyara ta da taswira. Kada ka gyara wannan ma. Tsohuwa ta ci tuwo, ka bar ta. Allah ya san inda bawansa yake kwance, addu'a ba ta bin zane.

Na gaya wa Kasum. Bai ce ai na faɗa ba, ya fi ni hali. Ya ce ya san na yamma, akwai kadarko a ciki, ƙarami, da ruwa a gindinsa. Amma zafi ya shigo, bayan shi damina, ruwa kan cika kwazazzabo ya tafi da raƙumi. Sai Oktoba. Ni dai ban sani ba ko zan iya sake tsayawa kan wasu duwatsu in ce Baba.

Abdulwahabu

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Lahadi, 11 ga Afrilu, 1976

Ƙanena Abdulwahabu,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafafunka sun sace, Sadiyatu da yara suna lafiya. Nan zafi ya yi tsanani, mun mai da gadon Inna rumfa. Mariyatu tana gaishe ku.

Na bi maganarka kwana goma sha ɗaya. Ban iya kai na sha biyu ba. Ga yadda aka yi, ka yi mini hukunci bayan ka ji.

Jiya da safe Inna ta sa aka ɗauko Alƙur'anin Baba daga gafakarsa. Ta ce in buɗe farar takardar da ke baya, inda ya rubuta ranakun haihuwarmu. Ta ce, "Rubuta inda shike kwance, da hanyar da yaron yab bi, don jikoki su sani. Kai ka iya rubutu mai kyau." Na ɗauki biro. Na rubuta Rijiyar Ɗaci. Hannuna ya tsaya. Shiru zan iya, Abdulwahabu, na gwada na ga zan iya. Amma in rubuta hanyar da na san ba ita ba ce ƙarƙashin rubutun hannunsa, wani jikanmu ya bi ta wata rana da salka biyu, wannan ban iya ba.

Ta ce, "Mi ya hana ka?"

Na durƙusa na gaya mata duka, daga zanen har maganar Baba Illo. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai. Ta juya fuskarta bango. Aka kawo fura ba ta sha ba, aka kawo abincin rana aka mayar. Mariyatu ta same ni a zaure ta ce, "Malam, ka ji daɗi yanzu? Gaskiyarka ta ƙoshi, tsohuwa na kwance da yunwa." Na zauna ina jin ka fi ni gaskiya.

Bayan la'asar ta aiko a kira ni. Na tarar dutsen yana tafin hannunta.

Ta ce, "Wancan da yaron yag gyara ma kabari, Musulmi na?"

Na ce ka ce an daidaita shi da alƙibla.

Ta ce, "To shi ma wata ta jira shi. Ƙila ta mutu tana jira, ba ta da ɗa mai dogayen ƙahwahu. Ba a yi hasara ba. Wanga dutse ba ni yas da shi." Ta mai da shi ƙarƙashin matashi. Sai ta ce, "Amma nawa shina can, ba a je ba."

Na ce Kasum ya san wurin, sai dai ba a shiga sai Oktoba, kuma ban sani ba ko za ka iya komawa.

Ta ce, "Wa yac ce shi za ya koma? Kai za ka tahi. Shekarakka arba'in da ɗaya, kana auna ƙasa bisa tebur. Tashi ka taka ta. Ƙanenka in ya so ya raka ka, ya nuna maka yadda aka kiran uba, shi ya riga ya koya. In bai so ba, kada ka matsa mishi, ya yi nashi."

Na ce, "Inna, Oktoba wata shida ne."

Ta ce, "Na iya ƙirga. In na kai, ku zo ku hwaɗa min. In ban kai ba, ku tahi duk da haka, ku hwaɗa mishi ina hanya." Sannan ta ce a kawo furar.

Ba ta yi dariya ba tun jiya, ba ta kuma nemi in karanta mata wasiƙarka ba yau. Ban sani ba ko na yi daidai. Wataƙila na ƙwace mata wata shida na kwanciyar rai, wataƙila su ne na ƙarshe. Wannan zan ɗauka, ba kai ba.

Zan zo Agadas farkon Oktoba in Allah ya yarda. Ban taɓa tafiyar da ta wuce mil biyar da ƙafa ba, kuma tsayi yana sa ni jiri. Ba na roƙonka ka shiga kwazazzabon. In ka raka ni bakinsa ma ya isa. Ka tambayi Kasum ko zai yarda ya ja mutumin da ya kusa kashe shi. Ba zan zo da zane ba.

Yayanka, Junaidu

Na gobe, Litinin:
1. Kai wannan tasha, a ba Arzika, a roƙe shi ya rage murya a zaure.
2. Ƙofar Kware da hantsi. Baba Illo ya sake faɗin hanyar tun daga rijiya. In rubuta yadda ya faɗa, kada in ƙara ko kalma.
3. Takardar neman hutun Oktoba. Ban san wa zai sa hannu ba, an canza shugaba.
4. Ofis da ƙafa, a bar babur a gida.
5. Baduku, takalmi mai ƙwari.
6. Maganin idon Inna ya ƙare.
7. Shafin bayan Alƙur'ani. A bar shi yadda yake.